Kwas ɗin Turanci kan sunayen al'ummomi: ajin kai-tsaye ne amfaninsa, jarrabawar tana buƙatar gyara

Wurin aikinmu ya biya mana kuɗin wani kwas na intanet da ke koyar da abu guda: kalmomin Turanci da ake kiran al'ummomi da su, ta fuskar launin fata da asali da ƙabila da addini, da yadda mutum zai yi amfani da su ba tare da ya ci zarafin kowa ba. Aikina gyaran rahotanni ne da fassara, shi ya sa na shiga cikin waɗanda aka tura. Tun da na kammala abokan sana'a ke tambayata ko ya cancanci ɓata lokaci. Ya cancanta, amma da sharaɗi, domin abu biyu ne aka haɗa aka sayar da suna ɗaya. Akwai ajin kai-tsaye da ake yi da malama sau ɗaya a mako, akwai kuma kayan da aka riga aka naɗa: gajerun bidiyoyi, jerin kalmomi da aka kasa gida biyu, na faɗa da na gujewa, sai jarrabawar da kwamfuta ke makawa. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai yawa.

Malamar ba ta taɓa ce mana kalma kaza an hana ba, ta wuce. Kowace kalma aka ɗauko, sai ta tambaya: a wace ƙasa, kuma wa ke faɗa wa wa? A zamanmu na farko ta rubuta jimla a allo, “An Asian family moved in next door”, wato wani iyali 'yan Asiya sun tare a maƙwabta, ta ce kowa ya rubuta ƙasar da ta fara zo masa a rai. Amsoshin suka rabu biyu. Waɗanda suka koyi Turancin Birtaniya suka rubuta Indiya, Pakistan, Bangaladash. Waɗanda kunnensu ya saba da na Amurka suka rubuta Chaina, Koriya, Japan. Ta ce kowa ya yi daidai, kuma matsalar ke nan: a Landan “Asian” kudancin Asiya take nufi a bakin yawancin mutane, a Amurka kuwa gabashinta. Wanda ya rubuta rahoto da wannan kalmar ita kaɗai, rabin masu karatunsa za su hango wasu mutane daban da waɗanda yake nufi. Cikin 'yan mintoci ta dasa mana abin da sauran kwas ɗin ya ginu a kai, cewa Turanci ba ƙasa ɗaya ke da shi ba.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne kalmar “coloured”. A Amurka da Birtaniya tsohuwar kalma ce mai ciwo, tana tuna wa mutane allunan da ake mannawa a ƙofar ɗakin jiran jirgi da kan famfon ruwa a jihohin kudancin Amurka zamanin wariya. Ko a 2015 sai da ɗan wasan Birtaniya Benedict Cumberbatch ya fito ya ba da haƙuri saboda ta suɓuce masa a wata hira, alhali ma yana maganar ƙarancin damar da baƙaƙen 'yan wasa ke samu ne. Amma a ajinmu akwai wani ɗalibi daga Cape Town, ya ɗaga hannu ya ce, “Malama, ni ai ‘Coloured’ ne, haka nake cikawa a takardun ƙasata, haka mahaifiyata ke kiran kanta.” Malamar ta dakatar da abin da ta shirya ta ba shi fili. Ya bayyana cewa dokar rajistar jama'a ta 1950 ce ta kasa mutanen Afirka ta Kudu rukuni-rukuni, aka soke ta a 1991, amma sunan ya zauna ya zama sunan al'umma mai tarihinta, wadda yawancinta Afrikaans take ji, kuma ƙidayar 2022 ta nuna sun kai kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar. Ya ƙara da cewa a cikinsu ma akwai masu ƙin sunan, sun fi son a danganta su da kakanninsu Khoi da San. Ban taɓa jin an warware wannan batun haka ba, kuma na san da bidiyo kawai na kalla da ban ji shi ba.

To, a ƙarshen wannan makon ne jarrabawa ta kawo wani sakin layi kan wata unguwa a Cape Town, ta ce a zaɓi kalmar da ta dace. Duk wanda ya zaɓi “Coloured” kwamfuta ta ja masa jan layi, ta ce amsar ita ce “people of color”. Wannan kuskure ne, ba ƙarami ba. “People of color” laƙabi ne na Amurka da ke tattara duk wanda ba farar fata ba, ba sunan wata al'umma takamaimai ba ne. Kwas ɗin da ya zo koya mana girmama sunan da mutane suka zaɓa wa kansu, shi ne ya ce wa ɗalibinsa sunan gidansu ba daidai ba ne. Abin ya ɓata mini rai, har yanzu kuma ina ganin shi ne babban aibin wannan kwas. Malamar ta ce ba ita ta tsara tambayoyin ba, za ta kai ƙorafi, amma har muka gama ba a gyara ba.

Darasin da ya shafi baƙar fata a Amurka kuwa, har bidiyonsa ma ya yi kyau, domin ya bi tarihi maimakon ya jero dokoki. A can ne na fahimci dalilin da ya sa ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen Amurka, wadda aka kafa a 1909, har yau take ɗauke da “Colored” a cikin sunanta: a lokacin kalmar mutunci ce. Bayanta “Negro” ta karɓa, marubuci ɗan fafutuka W.E.B. Du Bois ya yi ta rubuta wa jaridu wasiƙu yana neman su fara ta da babban baƙi, jaridar New York Times ta amince a 1930. Daga ƙarshen shekarun 1960 “Black” ta ture ta, sannan a 1988 Jesse Jackson da wasu shugabannin baƙaƙen Amurka suka yi kira a koma “African American”. A 2016 Shugaba Obama ya sa hannu kan dokar da ta cire “Negro” da “Oriental” daga dokokin tarayya. A watan Yunin 2020 kamfanin dillancin labarai na AP ya fara rubuta “Black” da babban baƙi, ya bar “white” da ƙarami, ita kuwa Washington Post ta zaɓi ta manyanta duka biyun. Ga mai gyaran rubutu irina wannan bayani ne da nake aiki da shi kullum: kafin in taɓa harafi ɗaya sai in duba salon gidan da nake yi wa aiki. Malamar ta ƙara wani abin da na ga mutane da yawa na tuntuɓe a kansa, cewa “African American” ba kalmar ladabi ba ce ta kiran kowane baƙi a duniya. Baƙin da aka haifa a Birmingham ɗan Birtaniya ne, “Black British”. Ɗan Jamaika da ke zaune a New York ma sau da yawa zai ce maka shi “Black” ne ko “Caribbean”, domin ɗaya sunan ya fi karkata ga zuriyar waɗanda aka bautar a Amurka.

Makon 'yan asalin ƙasa shi ya fi kowanne cika, har ya so ya yi yawa. A Kanada sashe na 35 na dokar tsarin mulki ta 1982 ya ambaci rukuni 3: “Indian”, “Inuit” da “Métis”. Na farkon a yau “First Nations” ake cewa a magana, amma “Indian” na nan daram a shari'a saboda dokar 1876 mai wannan suna har yanzu tana aiki, don haka mai fassara takardar kotu ba shi da ikon canza ta. “Inuit” jam'i ne, mutum ɗaya “Inuk”, kuma ma'anar kalmar ita ce mutane. “Eskimo”, tsohon sunan da ake kiran su da shi, an daina a Kanada da Girinlan, har ƙungiyar ƙwallon Edmonton ta yar da sunan a 2020 ta koma Elks a 2021. Sai dai ba za ka ɗauki “Inuit” ka shafa wa kowa a Alaska ba, saboda Yupik al'umma ce daban. “Alaska Native” ta fi tattarawa. A sauran Amurka akwai masu son “Native American”, akwai masu riƙe da “American Indian” da alfahari, gidan tarihinsu da aka buɗe a Washington a 2004 ma wannan sunan yake ɗauke da shi. A Ostareliya ana cewa “Aboriginal and Torres Strait Islander peoples”, da jam'i, domin al'ummomi ne da yawa masu harsuna da yawa. Shawarar malamar a kan duk wannan guda ce: in ka san takamaiman sunan, kira shi. Ce Cree, ce Navajo ko Diné kamar yadda suke kiran kansu, ka bar babban laƙabi sai inda ba makawa.

Daga nan ne muka iso “tribe”, kuma daga nan ne na fara ganin gejin kwas ɗin. A Amurka kalmar tana da matsayi a doka. Akwai al'ummomi sama da 570 da gwamnatin tarayya ta amince da su, da yawansu da wannan kalmar suke kiran gwamnatocinsu da kotunansu. Jerin kalmomin kwas ɗin ya sa ta a gidan waɗanda babu laifi, ya wuce. Amma duk wanda ya karanta yadda jaridun Turai suka daɗe suna rubutu kan Afirka ya san nauyin da take ɗauke da shi a nan. Zulu sun haura miliyan 10, Oromo sun haura miliyan 30, a kira su “tribe”. Mutanen Wales miliyan 3 da ɗoriya ne, a kira su “nation”. A 1994, lokacin kisan ƙare-dangi na Ruwanda, rahotanni da yawa sun riƙa kiran abin “tribal violence”, kamar wata tsohuwar gaba ce ta tashi da kanta, alhali kisa ne da aka tsara, da jerin sunaye da gidan rediyo da rabon adduna. Kalma ɗaya ta taimaka wajen sa duniya ta ɗauka babu abin yi. Na ɗaga wannan a aji, malamar ta yarda nan take, ta ce a rubutu kan Afirka ita “ethnic group” ko “people” take amfani da su, ko sunan al'ummar kai tsaye, ko da yake ta san 'yan Afirka da yawa na faɗin “my tribe” a tsakaninsu ba da wata manufa ba. Amsar ta gamsar da ni. Abin da bai gamsar da ni ba shi ne sai da ɗalibi ya tambaya.

Nahiyar Afirka gaba ɗayanta bidiyo ɗaya aka ba ta, shi ma gajere. Ya ambaci cewa a arewacin Afirka sunan Amazigh ya fi Berber karɓuwa, ya kawo cewa Maroko ta mayar da harshen Tamazight na hukuma a 2011, Aljeriya a 2016. Shi ke nan kusan. Babu maganar cewa Oromo ba sa son tsohon sunan Galla, babu Khoekhoe a madadin Hottentot, babu muhawarar San da Bushmen, wadda har yau ba ta mutu ba tunda shi kansa San suna ne da maƙwabtansu suka laƙaba musu. Mafi muni, jerin bai ƙunshi zagin da ya fi kowane zafi a Afirka ta Kudu ba, kalmar nan da ta samo asali daga kafir na Larabci, wadda Turawan can suka mayar da ita abin kiran baƙar fata kowane irin addini yake bi. A can ba a ma furta ta, sai dai a ce “the k-word”, kuma a 2018 kotu ta yanke wa wata mata ɗaurin shekara 3, aka jingine 1, saboda ta zazzaga wa 'yan sanda baƙaƙe ita. Mutumin da ya san kalmar ta fuskar addini kaɗai zai iya sakin ta cikin hirar Turanci a Johannesburg ba tare da sanin abin da ya taka ba. Ɗalibin nan na Cape Town ne ya gargaɗe mu. Irin wannan bai kamata a bar shi ga sa'ar wanda ka tarar a aji ba.

Ɓangaren addini an yi shi da tsabta, ko da yake a gurguje. “Muslim” mutum ne, “Islamic” siffar abu ce kamar zane ko shari'a ko tarihi, “Islamist” kuwa kalmar siyasa ce, cakuɗa su na jawo a ɗora wa mutum aƙidar da bai ce yana da ita ba. “Mohammedan” ta mutu, dalili kuwa a fili yake: tana nuna kamar Annabi ake bauta wa. An kuma nanata cewa “Arab” da “Muslim” ba abu ɗaya ba ne, Indonesiya ce ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, mutanen Iran da Turkiyya da Kurdawa ba Larabawa ba ne, akwai kuma Larabawa Kirista a Lebanon da Masar da Falasɗinu. Na ji daɗin ganin an koyar da wannan ga ajin da yawancinsa ba Musulmi ba ne.

Idan aka ce in zaɓi darasi ɗaya da zai fi amfanar wanda Turanci ba harshensa na gado ba ne, na nahawu zan ɗauka. Yawancin ɓarnar da muke yi ba daga mugun nufi take zuwa ba, daga ƙananan abubuwa ne da babu wanda ya taɓa nuna mana. Sa “the” a gaban siffa ka mayar da ita suna, kamar “the blacks”, yana sa jimla ta yi sanyi, kamar kana nuna wasu can da yatsa. “Black people” ba ta da wannan. “A Chinese” na yi wa kunnen Bature wani iri, sai ka ƙara “person” ko “student”. Sai gajarta suna. Kana jin ana cewa “Brit” da “Aussie” cikin raha, sai ka ɗauka kowane suna ana iya datse shi. Datse “Pakistani” a Birtaniya zagi ne mai tarihin duka da jifa a titi tun shekarun 1960 da 1970, datse “Japanese” kuma zagi ne da ya yi ƙamari lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Malamar ta sa mu gyara wani rahoto da aka cusa wa irin waɗannan kurakurai, biyu-biyu, sannan kowa ya karanta nasa da ƙarfi. Jin jimlar da kunne ya koya mini abin da kallonta a takarda bai koya mini ba.

Jerin kalmomin da ake saukewa kuwa, ban ba shi amana ba. Yana ba da shawarar “BAME”, wato “Black, Asian and Minority Ethnic”, ga mai rubutu kan Birtaniya, alhali gwamnatin ƙasar ta daina amfani da wannan taƙaitawar tun 2021, manyan gidajen talabijin ma suka bi baya a ƙarshen shekarar, saboda tana dunƙule mutanen da ba abin da ya haɗa su sai rashin zama farare. Yana sa “Latinx” a matsayin zaɓin da ya fi aminci wajen kiran masu asali daga Latin Amurka, alhali binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 3 cikin 100 ne kacal na mutanen da ake nufi a Amurka ke kiran kansu haka. Wata ɗaliba 'yar Barazil ta ce ita “Latina” ce amma ba “Hispanic” ba, tunda Fotugis take ji ba Sifaniyanci ba, kuma in son samu ne a ce mata 'yar Barazil kawai. Jerin ya kuma jefa “Gypsy” cikin na gujewa ba tare da bayani ba. Gaskiya ne a yawancin Turai “Roma” ake so, sunan da babban taronsu na farko da aka yi kusa da Landan a 1971 ya ɗaukaka, kuma tsohon sunan ya fito ne daga zaton cewa daga Masar suka zo alhali asalinsu arewacin Indiya ne. Amma a Ingila akwai al'ummar da ke kiran kanta “Romany Gypsy”, doka ma ta san su da haka. Jerin yi-da-bari ba ya iya ɗaukar irin wannan, shi ya sa yake kamar tsohuwar taswira: hanyoyin da ta zana na nan, amma an yi sababbi an toshe wasu.

Ta fuskar na'ura babu matsala sosai. Bidiyoyin ba su da nauyi, ana iya sauke su a kalla babu intanet, manhajar na aiki a waya. Rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo na'ura ce ke yin sa, yana kuma lalata sunaye irin Inuk da Métis, don haka kada ka kwafi rubutun suna daga can. Lokacin ajin kai-tsaye an tsara shi ne da agogon Amurka. Wanda bai samu halarta ba ana ajiye masa naɗi, sai dai ya rasa damar tambaya, wadda ita ce ribar.

Zaman ƙarshe na gwaji ne da baki. Aka haɗa mu biyu-biyu, ɗaya ɗan jarida ɗaya wanda ake hira da shi, aikin kuma shi ne ka tambayi mutum yadda yake so a bayyana shi a rubutu. Jimlar da aka koya mana gajera ce, “How would you like to be described?”, kuma an ce a yi ta ne kawai in asalin mutumin na da alaƙa da labarin, in babu, a bar shi. An ja mana kunne kan “Where are you really from?”, tambayar da ke gaya wa wanda aka haifa a ƙasa cewa ba ka yarda shi ɗan ƙasar ba ne. An kuma gwada mana abin yi in an gyara maka: ka gode, ka maimaita da kalmar da aka ba ka, ka ci gaba da magana, ba tare da dogon bayanin niyyarka ba, domin dogon bayani na ɗora wa wanda ka ɓata wa rai aikin lallashinka.

Ana sayar da kwas ɗin iri biyu, mai aji da malama da kuma wanda bidiyo da jarrabawa ne kawai. Ga ɗan jarida, mai fassara, malamin Turanci, ma'aikacin jinya ko ɗalibin da zai fita karatu waje, na farkon nake ba da shawara, kuma ka shiga da tambayoyinka a rubuce, musamman kan Afirka da Asiya inda kayan da aka naɗa suka yi ƙaranci. Na biyun ban ga dalilin sayensa ba. Takardar shaidar da ake bayarwa ta dogara ne kacokan kan makin jarrabawar kwamfuta, halartar aji ba ta ƙara ko maki ɗaya, don haka in wurin aikinku na neman takardar, ku nemi masu kwas ɗin su gyara tambayar Cape Town kafin a yi rajista.